Jinin Sahabi na Danwarai

Yaran da ake turowa koyon aiki a ɗakin gwajin da nake ɗan taimakawa tun da na yi ritaya, da sun shigo sai su nufi farin injin nan da ke kusurwa. A ba shi ɗigon jini, a danna, ya yi 'yar ƙara, takarda ta fito. Wata yarinya ta taɓa tambayata, cikin ladabi kuwa, wai kafin a kawo injin nan me muke yi duk yini. Na ce mata barci. Ta yarda, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. To ku gyara zama ku ji irin barcin da muka yi.

Ni mutumin Maiyama ne, sunana Arzika. Takardar shaidar aiki a makaranta na same ta, amma hannu a wurin Baba Kakale na same shi, wani tsohon mai gwajin jini a Sakkwato wanda magana ba ta dame shi ba. Watannina na farko ban taɓa madubin dubawa ba, wato maikuroskof. Wankin gilasai kawai. Da ya yarda in fara shimfiɗa jini, sai in ɗiga a kan gilashi, in tura da gefen wani gilashin, in miƙa masa ina jin kaina. Ya ɗaga zuwa haske, ya jefa cikin bokitin wanki, ya ci gaba da abin da yake yi. Ba faɗa, ba bayani. Sai da na gane da kaina cewa shimfiɗar tana son ta fito siririya, ta ƙare da jela mai laushi, ba ta yi kauri kamar an shafa man shanu ba.

Rinin da muke zuba wa jinin don ƙwayoyi su fito fili ba ya shiri da ruwan rijiya. In ka yi da shi, komai ya koma shuɗi kamar an tsoma a marina. Saboda haka da damina muke tarar ruwan sama a kwalabe mu ɓoye. Madubin kuma ba na lantarki ba ne, da hasken rana yake aiki. Da safe tebur yana tagar gabas, bayan azahar ka ja shi zuwa ta yamma. In hadari ya taso, ka ba marasa lafiya haƙuri.

Ƙidayar fararen ƙwayoyin jini ita ce gwanintar aikin. Kala-kala ne, kuma likita yana son ya san cikin ɗari, kowace kala nawa ce. Baba Kakale yana da dabara: gyaɗa ɗari a kwano, da gwangwanayen madara a jere, kowane da kalarsa. Duk ƙwayar da ka gani, ka ɗauki gyaɗa ɗaya ka jefa a gwangwaninta, idonka na cikin madubi. In kwano ya ƙare, ka gama. Ranar da ya fara bar mini aikin, kwanona ya ƙare da wuri ƙwarai, na yi murna na ce hannuna ya faɗa. Ya zo ya haɗa lissafi, bai kai ɗari ba. Ya dubi gwangwanayen, ya dubi bakina.

"Sauran jinin mutumen ga, cikinka ya shiga?"

Kashegari na tarar da tsakuwa a kwanon. Da ita na ci gaba da aiki har bayan na bar Sakkwato.

Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, aka ce kowa ya koma jiharsa, sai aka turo ni wani ƙaramin asibiti a Jega. Ni kaɗai ne a ɗakin gwaji, da madubi ɗaya, da wani sito a baya inda firjin rigakafi mai aiki da kananzir yake. Na sha ganin masu zuwa iri-iri. Wani makiyayi ya ce zai ba da jinin amma in na gama dubawa in mayar masa da abinsa. Wata tsohuwa da aka ce ta kawo bayan gida kaɗan, ta zo da kwano cike an rufe da faifai. Wani daga Gehuru ya miƙo yatsa, na huda, na duba, na rubuta masa cewa jininsa lafiya lau, sannan ya yi godiya ya ce bari ya je ya gaya wa yayansa, don shi ne marar lafiyar, aikin gona ne ya hana shi zuwa. Ban tambayi sunansa ba kafin in huda. Tun daga ranar nake tambaya.

Amma aikin da nake son ku ji shi ne na Sahabi.

Wata safiya bayan an fara cire albasa, Alhaji Namadina, wani mai lodin albasa zuwa Ikko, ya kawo Sahabi, ɗan 'yar uwarsa, daga Danwarai. Saurayi ne da bai wuce ashirin ba, dogo, kafaɗunsa na mai aikin gona, amma yana rawar ɗari kuma bakinsa duk gyambo, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Dasashinsa ya kumbura, haƙora biyu suna girgiɗi. Alhaji ya ce tun yana yaro haka yake. Ya yi mako biyu yana aiki kamar ba gobe, sai ya kwanta da zazzaɓi da maruru, bayan 'yan kwanaki ya miƙe kamar ba shi ba. An yi rubutu, an yi saiwa, an yi turare. A ƙauye har sun sa masa suna Ma'aikacin Gwamnati, wai don yana ɗaukar hutu a kan kari. Alhaji ya faɗi sunan a gabana, ina sanye da farar rigar gwamnati, bai ko ji nauyi ba.

Likitanmu a lokacin Dakta Haruna ne, matashi, bai daɗe da gama karatu ba. Ya ce in duba zazzaɓin sauro, in kuma ƙidaya farare. Na sauro babu. Na koma kan farare. Akwai wata kala da ake kira nutrofil, ita ce mafi yawa a jinin mai lafiya, ita ce sojan da ke fara tarar ƙwayar cuta in ta shigo jiki. Cibiyarta gutsi-gutsi take, haɗe da siririn zare. Littafi yana da nasa bayanin, ni dai tsire take yi mini kama. Na bi gilashin Sahabi daga kai har jela, gwangwanin tsire bai samu tsakuwa ko ɗaya ta kirki ba.

Me kuke tsammani na yi? Na zargi rini, na zubar, na haɗa sabo. Na sake huda yaron. Babu. Na zargi madubi, na kwance shi na goge da bakin rigata. Babu. Daga ƙarshe na huda yatsana na duba nawa jinin, sai ga su nan birjik, har sun yi ƙiba. Na rubuta sakamakon da ƙananan baƙaƙe, don in kuskure ne kada ya yi girma a ido.

Dakta ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce ya dawo bayan kwana goma. Ya dawo a kan keke yana fito, baki ya warke. Na duba, sojoji sun dawo, ba da yawa ba amma suna nan. Dakta ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, sannan ya tambaye ni a hankali ko na taɓa zuwa an duba mini ido. Ranar Juma'a na shiga kasuwar Jega na sayi tabarau a faranti, wanda na gwada na ga yana ƙara wa rubutun kwalin ashana girma. Kaina ya yi ta ciwo, amma na dage, don mai tabarau ba a cika yi masa musu ba.

Ba a rufa mako biyu ba aka sake kawo Sahabi a kwance. Na duba da tabarau, babu. Na cire na duba, babu. Wannan karon na kira Dakta ya leƙa da kansa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce akwai wata cuta da suka taɓa karantawa a makaranta, layi biyu kacal a littafi, bai taɓa tsammanin zai gamu da ita ba. Ya ce hanyar tabbatarwa ɗaya ce, a riƙa duba jinin yaron sau uku a mako har wata ɗaya da rabi, ko yana ciwo ko ba ya yi. Ya kuma ce in cire tabarau ɗin nan kafin in faɗa rijiya.

Haka Sahabi ya riƙa tahowa daga Danwarai a kan keke, ni kuma ina huda. Na gama da yatsun dama na koma na hagu. Har ya kai in ya shigo sai ya zura hannuwa cikin aljihu ya tsaya yana gaishe ni da ka. Amma bai taɓa fashi ba. Da aka gama, abin ya fito sarai: kusan duk mako uku sojojin su ɓace na 'yan kwanaki, a lokacin ne baki yake fashewa, sannan su dawo. Dakta ya tura shi babban asibiti a Sakkwato, aka ɗebi ɓargonsa aka duba, aka ce ba ciwon daji ba ne, ɓargon ne yake aiki yana tsayawa. Aka kuma ce hatsarin ba a baki yake ba. In ƙwayar cuta ta shiga hanji a kwanakin da babu masu tsaro, mutum zai iya tafiya cikin yini biyu. Da Alhaji ya ji haka, sai ya ce mahaifin Sahabi da ciwon ciki ya rasu, yana da ƙuruciya, kuma tun kafin nan haƙoransa sun zube.

Akwai magani, amma sabo ne a lokacin, kuma sai a Ikko. Filgirastim ake ce masa. 'Yar allura ce ƙarama da ake yi a ƙarƙashin fata, tana zuga ɓargo ya ƙara fitar da sojoji. Dakta ya yi wa Sahabi bayani da cewa kamar taki ne ga irin albasa, ba ya canza ƙasa, amma yana sa ta ba da abin da ta riƙe. Ba ya warkar da cutar, sai dai a yi ta yi. Tsadarsa kuwa, ba abin da manomi zai tunkara shi kaɗai ba ne. 'Yan albasar Aliero abokan Alhaji su suka haɗa hannu. Likitocin Sakkwato suka haɗa shi da wani likitan jini a can kudu, motar da ta kai albasa kuma ta dawo da maganin cikin fulas da ƙanƙara, a gaban mota kusa da direba. Ranar da ya iso na buɗe fulas ɗin, 'yan kwalabe ne da ba su kai ɗan yatsana ba, suna warin albasa.

Maganin ba ya son zafi, kuma ba ya son daskarewa. Tsakiyar firjin nan mai kananzir ya zama gidansa, ni kuma na zama mai gadin lagwani. In harshen wutar ya yi shuɗi, lafiya. In ya yi ja yana hayaƙi, ka durƙusa ka gyara, ka tashi da baƙin hanci. Da yake babu firji a Danwarai, Sahabi ya dawo gidan kawunsa a Jega Magaji yana taya shi lodi, kullum da safe ya biyo a yi masa allura, har ya koyi yi wa kansa a cinya.

Bayan 'yan kwanaki da farawa na duba jininsa. Sojoji ne maƙil, wasu a kan wasu kamar ranar kasuwa. Na kira Dakta, na kira mai shara, na kira Sahabi da kansa na ce ya leƙa ya ga arzikinsa. Ya leƙa ya daɗe, ya ce shi dai gashin idonsa yake gani, amma tunda Malam ya ce, ya yarda.

Sai kuma ƙashi ya fara masa ciwo, baya da ƙugu, ciwo mai nauyi. Bai gaya mana ba, yana tsoron a tsayar da allurar. Ya hau mota ya tafi Aliero wurin wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya laluba shi daga wuya har agara, ya ce babu karaya babu targaɗe, ya tambaye shi me yake sha, ya ce ya koma ya faɗa wa masu allurar. Ni da nake ganinsa kullum ban lura da ɗingishinsa ba, idona na kan jininsa. Dakta ya ce ɓargon ne ke aiki, ya rage yawan maganin, ya ba shi na ciwon jiki, abin ya lafa. Watanni suka wuce Sahabi bai kwanta ba. Bakinsa yakan ɗan yi ƙurji ɗaya ya wuce. Ya yi ƙiba. A Danwarai aka fara cewa gwamnati ta kore shi daga aiki.

Sannan muguwar shekara ta zo, shekarar sanƙarau, kuma ta haɗu da wahalar mai. Ɗakunan kwanciya suka cika, aka shimfiɗa mutane a ƙarƙashin bishiyoyi, ana rataye ruwan jiki a reshe. Ni daga safe har rana ta faɗi ruwan ƙashin baya nake dubawa. Kananzir ya ɓace a gari. Na fara tsiyaye na rishon matata ina kai wa firji, ita ta koma girki da kara, tana gaya wa maƙwabta cewa a gidanmu firjin gwamnati ne ke fara cin abinci. Ana haka kwalaben Sahabi suka ƙare. Na ci gaba da gyaran lagwani ina sanyaya wurin da babu komai, ban da 'yan kwalaben rigakafi a gefe.

Motar da ke ɗauke da sabon magani ta maƙale a layin mai a hanya, kwana da kwanaki. Direban ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙanƙara ta narke, fulas ya iso da ɗumi kamar na shayi. Da babu wani, aka yi masa shi. Na duba jini, bai motsa ba. Lokacin faɗuwar sojoji ya zo ya same shi haka. Da hantsi aka kawo shi a baro, jiki kamar garwashi, ya riƙe ciki, ko taɓawa ba ya bari a yi.

Dakta ya sa masa magunguna ta jijiya, ya ce kada a ba shi komai ta baki, ya kuma ce in aka kwantar da shi cikin jama'ar nan ba shi da abin kare kansa. Sakkwato kuwa, ba motar da za ta kai shi a kan lokaci, can ma a cike yake. Sai muka fitar da kwalaye daga sitona, muka wanke shi da sabulu har bango, muka sa gado kusa da firji. Mahaifiyarsa kaɗai aka yarda ta shiga.

Kun san mutanenmu da dubiya. Danwarai ta taso, maza da mata, da fura da ƙwai da 'ya'ya a goye. Dakta ya ce in tsare ƙofa. Ni da ko akuya ba ta jin tsorona, na ɗauki bokiti da sabulu na tsaya. Wani dattijo mai sanda, wanda ya girmi mahaifina, ya ce shi ya yi wa yaron nan huɗuba, ba wanda zai hana shi ganinsa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na ce ba zai shiga ba. Ya gaida Sahabi ta taga, ya tafi yana faɗin abubuwa a kan tarbiyyar mutanen Maiyama. Har yau in na ratsa Danwarai, Dogari suke kirana.

Kullum da rana ta fito in huda yatsa in ja tebur bakin taga. Alhaji Namadina yana zaune a benci a waje da carbi. In na fito ya ɗago kai.

"Mi kag gani, Malam?"

"Ban ga komai ba tukuna, Alhaji."

Haka muka yi ta yi. Cikin Sahabi ya kumbura, ya daina gane mahaifiyarsa. Wata safiya da na ba Alhaji amsar nan, ya ce, ba da faɗa ba, "Kai kullum ba ka ganin komi. Duba dai da kyau, ɗana." Na koma na sake shimfiɗa wani gilashin, ko da yake na san na farkon ba shi da laifi.

Kashegari, can wajen jelar shimfiɗa, na ga ɗaya. Ƙarama ce, ba ta gama nuna ba, cibiyarta ba ta rabu ba, a lanƙwashe take kamar ƙahon rago. Na tsaya a kanta na daɗe, ina tsoron in motsa gilashin ta ɓace. Na matsa kaɗan, ga wata. Na fito da niyyar in yi bayani irin na masana, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Biyu, Alhaji." Bai san biyun me ba, amma ya shafa addu'a. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, Sahabi ya nemi kunu. Alhaji bai sake ba direba saƙon ba. Da kansa ya hau motar haya zuwa Ikko da fulas biyu, yana sayen ƙanƙara gari-gari a hanyar dawowa.

Sahabi ya rayu. Haƙoran gaba dai sun tafi. Ya yi aure, ya koma noman albasa, daga baya ya sayi ƙaramin firji mai aiki da hasken rana. Maganin wani lokaci ya samu, wani lokaci ya yanke, amma ya san jikinsa, da ya ji alama yake tahowa asibiti. Likitoci sun gaya masa cutar tana bin jini, don haka duk ɗan da aka haifa masa, in ya yi ƙwari, sai ya kawo mini a yi ta dubawa na makonni. Na fari lafiya. Na biyu lafiya. Ta uku mace ce, Balki, mai surutu, ta iya cizo. A mako na uku na ɗora gilashinta, na bi daga kai har jela, babu sojoji. Wannan karon ban zargi rini ba.

Daga tebur zuwa ƙofa na shirya jawabi. Zan fara da haƙuri, in kawo maganar ƙaddara, in ce yanzu ba kamar da ba ne. Na tarar da shi a benci, yarinyar tana kan cinyarsa tana wasa da hularsa. Ya dubi fuskata sau ɗaya, ya ɗaga leɓen yarinyar ya duba dasashinta, ya gyara mata ɗankwali.

"Na sani tun shekaranjiya, Malam," ya ce. "Ka tambayo man likita, ga ƙaramin yaro ina aka hwarawa, cinya ko ciki? Ni za ni yi mata, hannuna ba ya da zahi."

Na je na tambayo, na dawo na gaya masa cinya. Ya saɓa ta a kafaɗa suka tafi neman alewa. Ni kuma na koma ciki da jawabina ban taɓa shi ba, na ci gaba da wankin gilasai.